Sayen Bindigogi Da Yawa Lokaci Guda a Amurka: Wa Ke Bincike, Wa Ake Kai wa Rahoto?

Sau da yawa idan an yi harbin kan mai uwa da wabi a Amurka, bayan kwana ɗaya ko biyu sai labari ya fito cewa maharin a shago ya sayi makamansa, bisa ƙa'ida, wani lokacin ma biyu ko uku a mako guda. Mai jin labarin daga Kano ko Damagaram sai ya riƙe baki: ashe babu mai lura? Akwai mai lura, sai dai lurar tana da iyaka, kuma iyakar ce ya kamata a sani. Amsoshin da ke ƙasa sun fi dogara ga dokar tarayya, domin kowace jiha tana da nata ƙarin.

Shin dokar tarayya ta ƙayyade yawan bindigogin da mutum zai saya a rana ɗaya?

A'a. Idan mutum ya cika sharuɗɗa kuma aljihunsa ya ɗauka, dokar tarayya ba ta hana shi sayen biyar ko goma a zama ɗaya. Abin da dokar ta fi damuwa da shi shi ne wanene mai sayen, ba nawa ya saya ba. Yawan yana jawo rahoto ne kawai, a wasu yanayi, kuma rahoton ba ya tsayar da ciniki.

Mene ne wannan binciken da ake yi wa mai saye, kuma daga ina ya samo asali?

Tun 1968 aka yi dokar da ta wajabta wa masu sana'ar sayar da bindiga karɓar lasisin tarayya, ta kuma lissafa mutanen da aka haramta wa mallakar makami. An yi ta ne a shekarar da aka kashe Martin Luther King da Sanata Robert Kennedy. To amma shekara da shekaru dillali ba shi da hanyar gane gaskiyar abin da mai saye ya faɗa masa. In ya ce bai taɓa zaman gidan yari ba, sai a ɗauka haka ne.

Abin ya canza da dokar Brady, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Nuwamba na 1993. An sa mata sunan James Brady ne, kakakin Shugaba Ronald Reagan, wanda harsashi ya same shi a ka ranar 30 ga Maris 1981 lokacin da aka yi yunƙurin kashe Reagan, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Daga wannan doka aka kafa tsarin binciken mai saye da ake kira NICS, wanda hukumar FBI ke gudanarwa daga garin Clarksburg a jihar Bajiniya ta Yamma, ya fara aiki a ƙarshen Nuwamba 1998.

Yadda ake yi: mai saye zai nuna katin shaida mai hoto, ya cike fom mai lamba 4473 na hukumar ATF, wato hukumar da ke kula da barasa da taba da bindigogi da abubuwan fashewa. Dillali zai tura bayanan ta waya ko ta intanet. A wasu jihohi ba FBI ake kira kai tsaye ba, hukumar jihar ce take karɓa ta duba. Amsa ɗaya daga cikin uku ce take dawowa: a sayar, a dakata, ko an hana. Yawanci cikin 'yan mintuna an gama.

Su waye aka haramta wa?

Wanda kotu ta taɓa samu da laifin da hukuncinsa zai iya wuce shekara guda a kurkuku, da wanda ya gudu daga shari'a, da mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali ko aka kwantar da shi asibitin ƙwaƙwalwa bisa tilas, da wanda aka kora daga soja korar wulakanci, da wanda aka samu da laifin dukan iyali ko kotu ta yi masa iyaka da matarsa ko 'ya'yansa, da wanda ya yar da zama ɗan ƙasa, da baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba. Ga kuma shekaru: dillali ba zai sayar da ƙaramar bindiga, fistol ko libarba, ga wanda bai kai 21 ba, doguwar bindiga kuwa daga 18.

Idan na sayi guda huɗu, sau huɗu za a bincike ni?

Sau ɗaya. Muddin ciniki ɗaya ne a shago ɗaya, fom ɗaya da bincike ɗaya sun wadatar, sai dillali ya jera bindigogin a kan fom ɗin da sunan kamfani da samfuri da lambar jikin kowace. Idan ka tafi gida ka dawo washegari don wani sabon ciniki, sabon fom da sabon bincike. Sannan amsar binciken tana aiki ne na kwana 30. In ba ka karɓi kayan ba har wa'adin ya wuce, sai an sake.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: ba a gaya wa FBI lambar bindiga ko samfurinta a wajen binciken. Ana dai faɗin nau'in, ƙarama ce ko doguwa ko wani iri daban. Kuma idan an amince da cinikin, dole FBI ta goge bayanan mai sayen cikin awa 24. Saboda haka NICS ba kundin ƙirga bindigogin mutane ba ne, kuma ba zai iya hango wanda ke bin shaguna yana tara makamai ba.

To a wane lokaci ake kai rahoto?

Nan ne gundarin maganar. Idan dillali mai lasisi ya sayar wa mutum ɗaya ƙananan bindigogi biyu ko fiye, a lokaci guda ko cikin ranakun aiki biyar a jere, wajibi ne ya cike wani fom daban mai lamba 3310.4. Kafin ya rufe shago a ranar da aka yi ciniki na biyun, sai ya tura kwafi ɗaya ga cibiyar bin sawun bindigogi ta ATF da ke Martinsburg, kwafi ɗaya ga 'yan sandan jiha ko na yankin, ya maƙala na uku a jikin fom 4473 ya ajiye. Wannan fom ɗin, saɓanin binciken NICS, yana ɗauke da komai: sunan mai saye, adireshinsa, da lambar kowace bindiga.

A lura, ranakun aikin shagon ake ƙirgawa. Wanda ya sayi fistol ranar Litinin ya dawo ranar Alhamis ya ƙara wata, ya shiga rahoto kamar wanda ya kwashi biyun tare. Haka wanda ya yi oda ta intanet daga wurare biyu daban aka turo masa ta hannun dillali ɗaya, tunda dillalin da ya miƙa masa kayan shi ke da alhakin rahoton. Amma wanda ya kai bindigoginsa jingina ya dawo ya fanshi abinsa, ba a kai rahotonsa.

Dalilin zaɓar ƙananan bindigogi ba ɓoyayye ba ne. Su ne masu shiga aljihu, su ne aka fi tsinta a wuraren fashi da kisa a biranen Amurka, kuma masu safara sun saba sayen su da yawa a jihohi masu sassaucin doka su kai su jihohi masu tsanani su sayar da riba.

Dogayen bindigogi fa?

A mafi yawan ƙasar, babu rahoto. Mutum zai sayi dogayen bindigogi shida a Ohayo ko Nebada ya fita, babu takardar da za ta tafi ATF.

Jihohi huɗu ne suka fita daban: Arizona, Kalifoniya, Niyu Meziko da Teksas, wato waɗanda suka yi iyaka da ƙasar Meziko. Tun 2011 ATF ta umarci dillalan can su kai rahoto, da fom 3310.12, idan mutum ɗaya ya sayi biyu ko fiye cikin ranakun aiki biyar na doguwar bindiga mai ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi, mai faɗin bakin da ya wuce inci 0.22, wadda ake cire mata gidan harsashi a sa wani. Dangin AK da AR kenan, waɗanda gungun masu safarar ƙwaya na Meziko suka fi nema. Umarnin ya zo ne ana tsakiyar cece-kuce kan wani aikin ATF da ya ɓaci a Arizona, inda jami'ai suka bar 'yan safara suka sayi bindigogi kimanin 2,000 da niyyar bin sawunsu har ga manyan, sawun ya ɓace, aka kuma tsinci biyu daga ciki a wurin da aka kashe jami'in tsaron iyaka Brian Terry a watan Disamba 2010. Dillalai sun kai ƙara suna cewa ATF ta wuce gona da iri, kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya suka bar umarnin a tsaye.

Abin da wannan giɓi ke haifarwa ya fito fili a Las Begas ranar 1 ga Oktoba 2017, lokacin da wani mutum ya buɗe wuta daga benen otal kan masu kallon wasa, mutum 58 suka mutu a daren, wasu biyu daga baya. Jami'an ATF sun bayyana cewa ya sayi bindigogi 33 cikin shekara guda kafin harin, galibinsu dogaye. Ya wuce kowane bincike domin ba shi da tarihin laifi, kuma babu wata hukuma da aka wajabta a sanar da ita yawan abin da yake tarawa. A ganina wannan rauni ne da ba shi da hujja. In dai an yarda fistol biyu sun isa a cike takarda, ban ga yadda za a ce dogayen bindigogi goma ba su isa ba don kawai shagon yana nesa da iyaka.

Rahoton yana nufin ana zargina da laifi? 'Yan sanda za su ƙwanƙwasa mini ƙofa?

Ba zargi ba ne, kuma ba ya hana ka tafiya da kayanka. Masu tara tsofaffin bindigogi, da masu wasan harbi, da mai saya wa kansa da matarsa, duk suna shiga rahoton kullum ba tare da wani abu ya biyo baya ba. Jami'ai sukan duba ne su ga ko akwai abin da ya saɓa wa hankali: bindigogi iri ɗaya masu araha da yawa, ana maimaitawa wata bayan wata, ko kuma bindigar da aka saya yau aka tsince ta a wurin laifi bayan 'yan makonni a wata jiha. A irin wannan ne jami'in ATF kan zo ya nemi ganin kayan.

Sai dai kada a ɗora wa rahoton abin da ba zai iya ɗauka ba. Matashin da ya kashe yara 19 da malamai biyu a makarantar firamare ta Uvalde a Teksas ranar 24 ga Mayu 2022 ya karɓi dogayen bindigogi biyu cikin 'yan kwanaki bayan cikarsa shekara 18. Kwamitin majalisar jihar da ya yi bincike ya ce an kai rahoton cinikin ga ATF, amma doka ba ta buƙaci a sanar da 'yan sandan yankin ba, tunda ƙananan bindigogi kaɗai wannan sharaɗi ya shafa. Takarda ta tafi, waɗanda suka fi kusa da yaron ba su ji ba.

Har yaushe ake ajiye waɗannan bayanai?

'Yan sandan jiha ko na yanki dole su lalata kwafinsu cikin kwana 20, sai fa idan mai sayen yana cikin waɗanda aka haramta wa. ATF kan goge sunan mai saye bayan shekara biyu idan bindigar ba ta shiga wani bincike ba. Fom 4473 kuwa a shagon yake zama; a da shekara 20 ake ajiye shi, a 2022 aka ce a riƙe har ranar da shagon zai daina sana'ar, sannan a kwashi takardun a kai Martinsburg.

Wannan taka-tsantsan yana da alaƙa da dokar 1986 da ta hana gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga. Amurkawa da yawa suna ganin rajista ita ce matakin farko na ƙwace makamai, kuma 'yan majalisa suna jin tsoron ƙuri'unsu. Shi ya sa idan aka tsinci bindiga a wurin laifi, sai jami'i ya bi ta daga kamfanin da ya ƙera ta zuwa babban dila, zuwa shago, shagon ya buɗe takardunsa. Amfanin rahoton sayen da yawa shi ne yana gajarta wannan doguwar hanya, tunda lambar bindigar tana hannun ATF tun farko.

Idan mutum ya raba sayen, ɗaya a wannan shago ɗaya a wancan?

Kowane dillali abin da ya fita daga shagonsa ya sani, don haka rahoton ba ya tashi. Wannan sanannen rauni ne da masu neman gyaran doka suka daɗe suna kuka da shi. Haka cinikin da mutum biyu 'yan jiha ɗaya suka yi tsakaninsu ba tare da dillali ba: dokar tarayya ba ta wajabta bincike a kansa, ko da yake jihohi irin su Kalifoniya da Niyu Yok da Kolorado sun wajabta. Amma mai saye yana sayarwa don riba ba tare da lasisi ba, laifin tarayya yake aikatawa, ko an kai rahotonsa ko ba a kai ba.

Akwai jihohin da suka sa iyaka?

Akwai kaɗan. Bajiniya ta kafa dokar ƙaramar bindiga ɗaya a wata a 1993, lokacin da ta yi ƙaurin suna a matsayin inda 'yan safara ke ɗibar makamai zuwa Niyu Yok da Washinton. Aka soke ta a 2012, aka dawo da ita a 2020. Merilan da Niyu Jasi suna da irinta, ɗaya cikin kwana 30. Kalifoniya ma ta daɗe da tata, amma a watan Yuni 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ta saɓa wa tsarin mulki. Dokokin nan suna sauyawa da sauyin masu mulki da hukuncin kotu, don haka a tambayi dillalin jihar da ake zaune.

An ce mini "a dakata". Me ke faruwa?

Yawanci sunanka ne ya yi kama da na wani da ke cikin kundin, ko kuma akwai wata tsohuwar shari'a da ba a rubuta ƙarshenta ba. Wannan ya shafi mutanenmu sosai, domin masu suna Muhammad Abdullahi ko Ibrahim Musa ba sa ƙirguwa. Rubuta lambar shaidar tsaron al'umma (Social Security) a fom ɗin ba dole ba ne, amma tana taimakawa wajen bambance ka da takwaranka. Wanda ake yawan dakatar da shi ko aka hana shi bisa kuskure yana iya ɗaukaka ƙara wurin FBI, har a ba shi wata lamba ta musamman da zai riƙa rubutawa a gaba.

FBI tana da ranakun aiki uku. In sun wuce babu amsa, dokar tarayya ta bar wa dillali zaɓi ya sayar ko ya ƙi. Ta wannan kafar ce wanda ya kashe mutum tara a cocin baƙaƙen fata na Emanuel a Charleston a watan Yuni 2015 ya sami bindigarsa. Ga 'yan ƙasa da shekara 21, dokar da aka yi a watan Yuni 2022 bayan Uvalde ta sa a duba har da laifuffukan ƙuruciya, kuma ana iya tsawaita jiran zuwa ranakun aiki goma.

Binciken ma iyakarsa abin da aka zuba a kundin. Wanda ya kashe mutum 26 a wani coci a Sutherland Springs a Teksas a watan Nuwamba 2017, kotun soja ta taɓa samunsa da laifin dukan matarsa da ɗanta, amma rundunar sojan sama ba ta tura bayanin ba, ya yi ta saye babu mai hana shi.

Ni baƙo ne. Zan iya saye?

Mai katin zama na dindindin yana iya saye kamar ɗan ƙasa, sai dai za a haɗa da duba matsayinsa a wurin hukumar shige da fice. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na ɗan lokaci, asalin hukuncinsa haramci ne, in ban da 'yan togaciya kamar mai riƙe da lasisin farauta na jiha. Ɗalibin da ya yi wasa da wannan, ban da ɗauri, yana iya rasa bizarsa a kore shi.

Ɗan'uwana ya ba ni kuɗi in sayo masa, ko in haɗa da tawa in karɓo mana biyu. Akwai matsala?

Akwai, babba kuwa, kuma wannan ce tambayar da na fi so a karanta da kyau. Mun taso da kara. Yayanka ko kawunka ya ce ka sayo masa abu, kunya ba za ta bar ka ka ce a'a ba. A kan bindiga dole ka ce a'a. Fom 4473 yana tambaya ko kai ne ainihin mai saye. In ka amsa da e alhali kuɗin wani ne kuma don shi ka saya, ka yi sayen aron suna, ka kuma yi ƙarya a takardar gwamnati.

Ba sai wanda ka saya wa ya kasance mai laifi ba. A 2014 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukunci kan Bruce Abramski, tsohon ɗan sanda a Bajiniya, wanda ya sayo wa kawunsa fistol ƙirar Glock bayan kawun ya turo masa cekin dala 400. Kawun ba ya cikin waɗanda aka haramta wa, amma alƙalai biyar cikin tara suka ce ƙaryar da aka yi a fom ta isa laifi. Dokar 2022 kuma ta ware wani laifi na musamman ga mai saya wa wanda aka haramta wa ko wanda zai aikata ta'asa da makamin, ɗaurin har shekara 15, ya kai 25 idan ta'addanci ne ko safarar ƙwaya ko wani babban laifi. Kyauta ta gaskiya, wadda ka saya da kuɗinka ba tare da an biya ka ba, ga wanda doka ba ta hana ba, ita dokar tarayya ta yarda da ita.

Idan na saya bisa ƙa'ida, zan iya aikawa gida don tsaron iyali?

Na san abin da ke kawo wannan tunani. Wanda danginsa ke Zamfara ko Katsina yana jin labarin 'yan bindiga kullum, zuciyarsa ba ta kwanciya. Amma sayen halal a Amurka bai ba ka izinin fitarwa ba. Fitar da bindiga sai da lasisin gwamnatin Amurka, kuma cusa ta cikin kaya fasa-ƙwauri ne mai ɗaurin har shekara goma. A Najeriya ma, dokar bindigogi ta 1959 ta hana shigowa da makami ko riƙe shi ba tare da izini ba, kuma izinin yana hannun Shugaban Ƙasa ko Sufeto Janar na 'yan sanda, gwargwadon nau'in makamin.

An yi irin haka da Gana. Wani manjo na sojan Amurka ya sayi bindigogi a Karolina ta Arewa a 2021, ya sa wani soja a Kentaki ya sayo masa ƙari, aka ɓoye su cikin shuɗɗan durom na shinkafa da kayan gida, aka ɗora a jirgin ruwa daga Baltimo zuwa tashar Tema. Jami'an kwastam na Gana suka gano su, suka sanar da Amurka. A watan Afrilu 2024 kotu ta same shi da laifi, daga baya aka yanke masa ɗaurin wata 70.